Zama Lafiya a Gidajen Kansil na Ingila: Jagora ga Ɗan Haya da Wanda Ya Sayi Filat

Duk wanda ya karɓi makullin gidan kansil, wato gidan haya na ƙaramar hukuma, a Ingila ya san irin jiran da ya sha kafin wannan rana ta zo. A wasu unguwannin Landan mutum kan yi shekaru sunansa na cikin layi, yana yawo da iyali daga wannan masaukin wucin gadi zuwa wancan. Shi ya sa idan gida ya samu, da yawa daga cikinmu sai mu ja bakinmu mu yi shiru. Bango na tsatsafo da ruwa, mu ce a yi haƙuri. Ƙyaure ba ya rufuwa, mu ce ai an gode Allah da aka samu wurin sa haƙarƙari. Kawaici hali ne mai kyau tsakanin surukai da maƙwabta, amma ba shi da gurbi tsakanin ɗan haya da hukumar da ke riƙe da ginin da 'ya'yansa ke kwana a ciki. Doka ta yanka wa masu gida wa'adin yin gyara, wani na kwanaki, wani ma na sa'o'i, sai dai kusan dukkan wa'adin ba ya fara ƙirguwa sai ranar da kuka sanar da su.

Abin da zan zayyana a nan dokokin Ingila ne. Sikotland da Wales suna da nasu, kodayake shawarwarin kiyaye kai duk ɗaya ne. Idan na ce “masu gida”, ina nufin kansil ko ƙungiyar gidaje da ke karɓar kuɗin hayarku.

Mataki na 1: Ku san abin da ke wuyanku da abin da ke wuyansu

Mazauna waɗannan gine-gine kashi biyu ne. Akwai ɗan haya da ke biya duk mako ko duk wata. Akwai kuma wanda ya sayi filat ɗin, galibi ta tsarin da gwamnatin Margaret Thatcher ta kawo a 1980 na sayar wa 'yan haya gidajen kansil, ko kuma ya saya daga hannun wanda ya riga ya saya. Shi wannan na biyu, abin da ya mallaka haƙƙin zama ne na dogon zango, sau da yawa shekara 125, amma gangar jikin ginin da rufinsa da matakalarsa suna hannun kansil.

Ga ɗan haya, dokar 1985 ta masu gida da 'yan haya ta ɗora wa masu gida gyaran ginin kansa, bututun ruwa da na gas, wayoyin lantarki, banɗaki da na'urar ɗumama gida. Ga mai dogon zango kuwa, kusan duk abin da ke cikin filat ɗin nasa ne ya kula da shi. Ku ɗauko takardar yarjejeniyarku ku karanta, ko ku kai wa wanda zai karanta muku ita dalla-dalla, domin duk gardamar da za ta taso nan gaba gare ta za a koma.

Mataki na 2: Zagayen makon farko

Ko da kun yi shekara goma a gidan, idan ba ku taɓa yin wannan zagaye ba, ku yi shi a wannan makon, mata da miji da manyan yara tare.

Ku nemo makunnin da ke tsayar da ruwan gidan gaba ɗaya. Yawanci yana ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin. Ku murɗa shi ku tabbatar bai ƙafe ba, don ranar da bututu ya fashe ba ranar neman sa ba ce, ga ruwa na zuba kan maƙwabcin ƙasa. Ku nemo akwatin fiyus na lantarki, ku gane babban makunnin da ke kashe komai. Idan akwai gas, ku nemo mita da hannun da ke gefenta: idan hannun na kwance tare da bututun a buɗe yake, idan kuka juya shi ya gitta bututun kun rufe.

Daga nan ku fita korido ku karanta sanarwar gobara da ke manne kusa da ƙofar shiga ko lif. Ita ce za ta gaya muku tsarin gininku. Tun Janairu 2023 wajibi ne masu gida su ba mazauna wannan bayani. Sai ku sauka ta matakala har waje da ƙafa, ku ga inda take ɓullewa.

Ku rubuta lambobi huɗu ku manna a jikin firji: 999 na gobara da 'yan sanda da motar asibiti, 0800 111 999 na yoyon gas, 105 na ɗaukewar wuta, sai lambar gyaran gaggawa ta masu gidanku, wadda ke aiki dare da rana.

Mataki na 3: Ƙofar filat ɗinku

A nan zan daɗe, domin babu abin da aka fi rainawa kamar ƙofa. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

An gina waɗannan benaye ne ta yadda kowane filat zai riƙe wutarsa a cikinsa na minti 30 zuwa 60, kafin 'yan kwana-kwana su iso su kashe ta. Bango da daɓe da silin suna yin nasu aikin ba tare da kowa ya taɓa su ba. Ƙofa ce kaɗai ɓangaren da ake buɗewa ana rufewa sau ba adadi a yini, don haka ita ce ke fara lalacewa. A gobarar benen Grenfell da ke yammacin Landan, ranar 14 ga Yuni 2017, mutum 72 suka rasu. Kowa ya ji labarin rufin bangon waje da ya kai wutar sama cikin ɗan lokaci. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, binciken da aka yi ya gano ƙofofi da yawa ba su da na'urar da ke mayar da su su rufe, ko kuma ta lalace. Mutane suka gudu, ƙofofi suka tsaya a buɗe, hayaƙi ya cika hanyar da kowa zai bi, a ginin da matakala ɗaya tak gare shi.

Ga yadda za ku gwada taku. Ku buɗe ƙyauren rabi ku sake shi. Ya kamata ya koma da kansa har ku ji ƙarar kamawar sakata, ba tare da kun tura ba. Ku sake gwadawa daga ɗan buɗewa kaɗan, don nan ne na'urar da ta gaji ke kasawa. Ku duba gefen ƙyauren ko jikin firam, za ku ga wani siririn zare mai kama da roba ko buroshi. Shi ne ke kumbura idan ya ji zafi ya toshe hanyar hayaƙi, saboda haka kada a shafe shi da fenti, kada yara su ɓamɓare shi. Ratar da ke tsakanin ƙyaure da firam a sama da gefe kada ta wuce milimita 4. Kwandalar fam ɗaya kaurinta kusan milimita 3 ne, ku zura ta ku gani: idan tana yawo sakaka, ratar ta yi yawa. Hinji uku ne, kowanne da kusoshinsa cif.

Na san wannan na'ura tana da ban haushi. Tana buga ƙofa da ƙarfi, tana rufe mutum a waje idan ya fita zubar da shara, tana wahalar da mai tura keken jariri. Duk da haka kada ku kwance ta, kuma kada ku tokare ƙofar da takalmi. Idan ta yi tauri, ku kira a daidaita ta. A ginin da ya haura mita 11, doka ta ce a riƙa duba ƙofar kowane filat sau ɗaya a shekara, ƙofofin korido kuma duk wata uku. Idan masu dubawa suka ƙwanƙwasa, ku nemi katin shaidarsu, sannan ku buɗe musu.

Wasu kan ƙara ƙofar ƙarfe a waje saboda tsoron ɓarayi, kamar yadda muka saba a gida. 'Yan kwana-kwana ba sa son ta, domin tana cinye mintunan da za su shigo ku kuma ku fita. Makulli mai ƙarfi wanda ake buɗewa daga ciki da murɗawar hannu, ba tare da ɗan makulli ba, ya fi.

Sai korido. Mu mutane ne masu cire takalmi a bakin ƙofa, kuma ba a rasa jakunkunan kaya da ake tarawa kafin a aika gida. Duk su shigo ciki, har keken yara. Cikin hayaƙi mutum ba ya ganin tafin hannunsa, takalmi ɗaya ya isa ya kayar da tsohuwa.

Mataki na 4: Ƙararrawar hayaƙi da maganar turaren wuta

Tun 1 ga Oktoba 2022, dole masu gidajen kansil su sa ƙararrawar hayaƙi aƙalla ɗaya a kowane hawa na gidan, da ƙararrawar iskar kabon monoksaid a duk ɗakin da ke da boila, wato na'urar dafa ruwa da ɗumama gida, ko makamancinta. Idan ta lalace kuka sanar, su ne za su gyara ko su canza. Naku shi ne ku danna maɓallinta sau ɗaya a wata ku ji ta yi kuka. Ɗan ƙaramin “ƙit” da take yi jefi-jefi alama ce batir ya yi sanyi. Na'urar kanta bayan shekara 10 ta tsufa, akwai kwanan wata a jikinta.

Yanzu ga abin da ya shafe mu kai tsaye. Gidan Bahaushiya ba ya rabuwa da turaren wuta, ƙararrawa kuma ba ta bambance ƙamshi da gobara. Abin da ya zama ruwan dare shi ne a ɗaure mata leda ko safa, ko a zare batir “na ɗan lokaci”, sai lokacin ya zama watanni. 'Yar uwa, don Allah kada ki yi haka. Ki sayi kaskon turare na lantarki, hayaƙinsa bai kai na garwashi ba. Ki rufe ƙofar ɗakin da kike turarawa, ki ɗan buɗe taga. Idan ƙararrawar ta tashi, yawancinsu suna da maɓallin da ke sa su yi shiru na 'yan mintuna sannan su koma bakin aiki da kansu. Idan kuma garwashi kika fi so, kaskon ya yi nesa da labule da kafet, kada ki rufa masa tufafi ki bar ɗakin, kuma ki kashe garwashin da ruwa idan kin gama.

Gawayi yana da wani haɗarin da ya fi wuta: yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ko launi. Gidajen Ingila a toshe suke saboda sanyi, ba kamar tsakar gida ba da iska ke kaɗawa. Kada a taɓa hura gawayi a ciki don jin ɗumi ko gashin nama, ko da a baranda ne.

Hukumomin kashe gobara suna zuwa gida kyauta su duba su ba da shawara, musamman inda akwai tsofaffi, marasa lafiya ko ƙananan yara. Ku nema.

Mataki na 5: Kicin

Kusan rabin gobarar gidaje a Ingila daga wurin girki take tashi, kuma suya tana da nata haɗarin. Ƙosai, fanke, naman Sallah, duk mai suke sha. Kada mai ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kasko. Idan ya fara hayaƙi ya yi zafi da yawa, ku kashe wuta ku bar shi ya huce. Idan ya kama, kada ku kuskura ku watsa masa ruwa, domin zai yi tsalle har silin, kuma kada ku ɗauki kaskon ku nufi waje da shi. Ku kashe murhu idan hannu zai kai lafiya, ku fita, ku ja ƙofar kicin, ku kira 999.

A watan azumi a ƙara kula. Girkin sahur ana yin sa ne da barci a ido, mutum ya ce bari ya ɗan kishingiɗa kafin ya tafasa. Duk wanda zai bar kicin, ya kashe wuta tukun. Dogon hannun riga da gefen mayafi ma a tattare su kafin a tsaya gaban murhu.

Mataki na 6: Lantarki, hita da batirin keke

Soket ɗin bango da wayar ƙari mai baki huɗu, kowanne amfiya 13 kawai yake ɗauka, wato kimanin wat 3,000. Butar lantarki ita kaɗai ta kusa cinye wannan. Don haka buta, hita, dutsen guga, injin wanki da firji, kowanne ya shiga soket ɗin bango kai tsaye. Kada a jona wayar ƙari a jikin wata. Filogi mai ƙafa biyu irin na Nijar ko Faransa, kada a cusa shi da ƙarfi ana tura tsinke a ramin sama, a sa masa filogin Birtaniya mai fiyus. Soket da ya yi baƙi, ko yake zafi, ko yake warin roba, ku daina amfani da shi ku kira masu gida a ranar.

Hita ta tsaya aƙalla mita ɗaya daga gado, labule da kayan shanya, kuma ba a shanya a kanta. Gobarar Grenfell daga firji ta fara, saboda haka ku yi rajistar manyan kayan lantarkinku da kamfanin da ya ƙera su, don su same ku idan an gano aibi a irinsu.

Babban sabon haɗari shi ne keken lantarki. Matasanmu da yawa da shi suke kai abinci gida-gida, shi ne jarinsu. A 2023 hukumar kashe gobara ta Landan ta riƙa zuwa gobarar irin waɗannan kekuna kusan duk kwana biyu. Batirinsu idan ya kama, cikin daƙiƙu yake tashi, yana feso wuta da hayaƙi mai guba. Mafi yawan matsalar daga batir da caja na araha ne da aka saya a intanet, da kekunan da aka mayar na lantarki a gida. Ku yi amfani da cajar da ta zo da batirin. Kada ku yi caji kuna barci ko ba kwa gida. Mafi muhimmanci, kada ku yi caji a hanyar da ke tsakaninku da ƙofar fita. Batirin da ya kumbura, ko ya faɗi ya lotse, ko yake zafi fiye da kima, ya gama aiki.

Mataki na 7: Gas

Dole masu gida su turo injiniya mai rajista da Gas Safe, wato rajistar injiniyoyin gas da doka ta amince da su, ya duba boila da bututu sau ɗaya a shekara, su kuma ba ku takardar sakamakon cikin kwana 28. Kowane injiniya yana da kati mai hotonsa, a bayansa an lissafa ayyukan da aka yarje masa. Idan ranar da suka sa ba ta yi muku ba, ku canza ta, amma kada ku yi ta ƙin buɗe ƙofa, don suna iya zuwa kotu su samo izinin shiga. Kada ɗan uwa “mai hannu” ya haɗa muku murhun gas, komai iyawarsa, in ba shi da wannan rajista.

Harshen wutar gas mai lafiya shuɗi ne. Idan ya koma rawaya yana lilo, ko baƙin toka na taruwa a jikin boila, akwai matsala. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala da ke kama mutanen gida tare, su sake su idan sun fita waje, alamun kabon monoksaid ne. Ku buɗe tagogi, ku fita, ku kira lambar gas, ku nemi likita.

Idan kun ji warin gas, kada ku kunna ko ku kashe kowane makunnin lantarki, kada a ƙyasta ashana. Ku buɗe ƙofofi da tagogi, ku rufe hannun mita, ku yi waya daga waje. Tukunyar gas irin ta gida kuwa, yawancin benaye sun hana shigo da ita. A 1968 fashewar gas a filat ɗaya ta rushe kusurwar benen Ronan Point mai hawa 22 a gabashin Landan, mutum 4 suka mutu.

Mataki na 8: Danshi da fumfuna

Awaab Ishak, wani yaro ɗan garin Rochdale, ya rasu a Disamba 2020, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 2. Iyayensa daga Sudan suka zo. Mahaifinsa ya fara kai kukan fumfuna a filat ɗinsu tun 2017, aka ce ya shafe ta da fenti. Daga baya ma aka ɗora laifin kan yadda ake zaton iyalin suna wanka, ba tare da an tambaye su ba. A 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ta tabbatar fumfunar ce ta lalata masa numfashi. Duk Bahaushen da ya ji wannan labari ya san da ɗansa zai iya faruwa.

Dokar da aka sa wa sunan yaron ta fara aiki ranar 27 ga Oktoba 2025. Idan kuka sanar da danshi ko fumfuna mai barazana ga lafiya, masu gida suna da kwanakin aiki 10 su zo su bincika, kwanakin aiki 3 bayan binciken su ba ku sakamako a rubuce, kwanakin aiki 5 su kawar da haɗarin. Idan abin na gaggawa ne, kamar yoyon gas ko wayar lantarki mai haɗari, sa'a 24 ce. Idan ba za su iya gyarawa cikin wa'adin ba, su nema muku wani masauki da kuɗinsu. Tun 2023 gwamnati ta kuma faɗa wa masu gida su daina fakewa da cewa yanayin rayuwar ɗan haya ne ya jawo.

Ranar da kuka ga baƙin ɗigo-ɗigo a kusurwa, bayan kabad ko gefen taga, ku ɗauki hoto kafin ku goge. Ku sanar a rubuce, ku faɗi ɗakin, ku faɗi waɗanda ke kwana a ciki. Idan akwai jariri, mai ciki, tsoho ko mai asma, ku ambace shi ƙarara, domin da wannan ake auna girman haɗarin. Idan yaro na tari ko numfashinsa na fito, ku kai shi ga likita, ku gaya masa halin gidan, ku nemi wasiƙa.

Akwai kuma abin da za ku iya yi kafin su zo, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku kunna fankar zuƙe tururi lokacin girki da wanka, ku rufe tukunya, ku rufe ƙofar banɗaki. Ƙananan ramukan iska da ke saman taga, kada ku toshe su da tsumma ko da ana sanyi. Ku goge raɓar gilashi da safe. Ku ɗan janye katifa da kabad daga bangon waje. Ɗumin gida kada ya gaza digiri 18 in da hali. Idan fankar ta mutu ko boila ba ta aiki, wannan ma gyaran masu gida ne.

Mataki na 9: Ƙananan abubuwa uku

Taga a bene ta kasance da abin da ke hana ta buɗewa fiye da santimita 10, kuma a janye gado da kujera daga ƙarƙashinta. Igiyar labule a ɗaure ta sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Idan kun dawo daga doguwar tafiya, aikin Hajji ko hutu a gida, ku buɗe taga, ku saki kowane famfo da shawa na 'yan mintuna kafin kowa ya yi wanka. Ƙwayar cutar lijonela tana hayayyafa a ruwan da ya kwanta cikin bututu, ta shiga huhu ta feshin ruwa.

Ginin da aka yi kafin 2000 yana iya ƙunsar asbestos, wani kayan gini da ƙurarsa ke lalata huhu, a silin ko tayil ɗin ƙasa. Ba ya cutarwa sai an huda ko an kankare. Ku tambayi masu gida kafin ku ɗora abin huda bango.

Mataki na 10: Shirin dare, da abin yi ranar gobara

Kafin a kwanta, a rufe ƙofar kicin da ta falo, a kashe hita, a cire caja, a ajiye makulli inda kowa ya sani kusa da ƙofa.

Idan wuta a filat ɗinku take, ku tashi kowa, ku fita, ku ja ƙofa ta rufe, ku bi matakala, kada ku shiga lif. Ba a tsayawa ɗaukar fasfo. Idan akwai hayaƙi ku sunkuya, iskar ƙasa ta fi tsabta. Ku kira 999 ku faɗi adireshi, hawa da lambar filat.

Idan a wani filat take, ku bi tsarin da ke kan sanarwar gininku. A yawancin benaye tsarin shi ne ku zauna a ciki da ƙofa rufe, ku kira 999. Na san bayan Grenfell wannan magana tana da wuyar haɗiya, amma a ginin da ƙofofinsa da bangonsa ke da lafiya, matakala mai hayaƙi ta fi ɗakinku haɗari. Sharaɗin shi ne, da zarar zafi ko hayaƙi ya fara shigo muku, ko 'yan kwana-kwana suka ce ku fito, ku fita. Wasu gine-ginen kuma tsarinsu kowa ya fita da jin ƙararrawa. Idan hanya ta toshe, ku taru a ɗaki ɗaya mai taga, ku toshe ƙasan ƙofa da tawul, ku ci gaba da magana da mai amsa waya.

Duk wannan ku koya wa baƙonku. Hajiya da ta zo taya jego, wadda ba ta jin Turanci kuma ita ke wuni da jariri, ita ta fi kowa buƙatar a nuna mata matakala a kuma koya mata faɗin adireshin. Idan akwai wanda ba ya iya sauka da ƙafarsa, ku sanar da masu gida tun yanzu.

Mataki na 11: Ga wanda ya sayi filat

Babu wanda zai turo muku injiniyan gas, ku za ku nemo shi duk shekara. Ƙararrawa ma taku ce. Idan kuka ba da filat ɗin haya, kun zama masu gida a idon doka, binciken gas na shekara-shekara da na lantarki duk shekara 5 sun hau kanku. Kada ku canza ƙofar shiga, ko ku rushe bango, ko ku huda silin sai da izini a rubuce. Ƙofar roba mai kyan gani wadda ba ta tare wuta ta jawo wa mutane da yawa asarar sake sayen wata.

Inshorar ginin galibi tana cikin kuɗin hidima da kuke biya, amma ba ta rufe kayan ɗaki. Wannan ya shafi ɗan haya ma: kujeru, tufafi da gwal, sai kun yi musu tasu inshorar. Idan za a yi babban aiki da kasonku zai haura fam 250, wajibi ne a tuntuɓe ku tukun. Dokar tsaron gine-gine ta 2022 kuma ta hana a caji masu filat da suka cika sharuɗɗa kuɗin cire rufin bango mai haɗari, a ginin da ya haura mita 11 ko ya kai hawa 5. Wa'adin dokar Awaab bai shafe ku ba, amma idan danshin daga rufi ko bangon waje yake, gyaran na masu ginin ne. Leasehold Advisory Service, ofishin da ke taimaka wa masu dogon zango, na ba da shawara kyauta.

Mataki na 12: Idan kun sanar an yi biris da ku

Duk sanarwa ta zama mai shaida. Idan waya kuka yi, ku karɓi lambar aikin da sunan wanda kuka yi magana da shi, sannan ku bi da imel. Ku tara hotuna da kwanan wata wuri ɗaya.

Idan wa'adi ya wuce, ku rubuta cewa kuna shigar da ƙorafi a hukumance. Tun Afrilu 2024 ƙa'idar ta zama doka: su amsa sun karɓa cikin kwanakin aiki 5, su ba da hukunci cikin kwanakin aiki 10 bayan nan. Idan bai gamsar da ku ba, ku nemi a ɗaga shi mataki na biyu, inda suke da kwanakin aiki 20. Daga nan sai Housing Ombudsman, ofishin da ke sauraron ƙorafin mazauna gidajen kansil da na ƙungiyoyi kyauta, yana kuma iya umartar a yi gyara a biya diyya. Kansilan unguwarku da ɗan majalisarku ma suna karɓar irin wannan kuka, ƙungiyoyin ba da shawara na Shelter da Citizens Advice kuma za su taya ku rubutawa idan Turanci ne cikas.

Mai cikakkiyar yarjejeniyar haya ba a fitar da shi sai da dalilin da doka ta lissafa da umarnin kotu, kuma neman gyara ba ya cikin dalilan. Bashin haya kuwa yana ciki. Don haka komai zafin rai, kada ku daina biyan haya don ku matsa musu. Idan matsalar ta shafi ginin gaba ɗaya, kamar ƙofar matakala da ta karye ko fitilun korido da suka mutu, ku ƙwanƙwasa wa maƙwabta, kowa ya shigar da nasa ƙorafin da lambar filat ɗinsa.